Kokowar Takobi: Kada kaye ya zama hajar sayarwa

Da zarar an ce yau za a buɗe kokowar Takobi, kasuwarmu ta Matamaye takan sauya kama. Mai rake ya jingina rediyo a kan amalanke, mai ƙosai ta kasa kunne, kowa na jiran ya ji an kira Damagaram. Can a fili kuwa, jihohi 8 ke shigowa bi da bi, kowace da 'yan kokowa 10, makaɗa na biye, ana kirari, ga layu da guraye har damtse.

Tun 1975 aka fara wannan gasa a Tahoua, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Mu ma ba baƙi ba ne: filin Damagaram sunan Langa-Langa yake amsawa, kuma a 2018 Tasi'u Sani ya riƙe takobi a gida. Issaka Issaka na Dosso kuwa, ya zuwa 2023, sau 6 ya ɗauka.

To amma ina gizo ke saƙa? A ƙa'ida, wanda aka kayar sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma yakan ci gaba da karawa da sunan jiharsa. Irin wannan ba shi da sauran abin asara, don haka shi ne mai kuɗi zai fi sauƙin yi wa raɗa: "Ka faɗi, ga naka." Duk shekara kunnuwanmu na jin irin wannan ƙishin-ƙishin, kuma ko zargi kaɗai ya isa ya rage wa takobi ƙima.

Ba mu kaɗai muka san wannan ciwo ba. A birnin Cincinnati na Amurka, 'yan kasuwar Findlay ne ke shirya faretin buɗe kakar besbol, wasan da ake dukan ƙwallo da kulki, tun 1920. Shekara ɗaya kafin nan ƙungiyar garin ta ci kofi, daga baya ta bayyana cewa 'yan caca sun sayi wasu daga cikin abokan karawarta na Chicago. Mutum 8 aka kora har abada, amma har yau ana ambaton kofin 1919 da ayar tambaya.

Mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin illar tauye mudu: ribar yini ɗaya ce, amanar shekaru ta tafi. Daga cikinmu ake samun masu yi wa ɗan kokowa kyautar kuɗi, babur ko buhun hatsi. Mu ba wanda ya yi kaye da ƙarfinsa, kada mu ba wani don ya kwanta. Hukumar kokowa kuma ta hukunta mai saye da mai sayarwa baki ɗaya, alƙalin wasa ya tsaya tsakani da Allah. In ɗanmu ya faɗi da gaskiya, baɗi ma rana ce.