Agogon da Ba Ya Shan Batir: Araharsa na Hannun Mai Gyara

A da, alhajin da ya sauka Birnin Kebbi ko Argungu daga Makka, da wuya a rasa agogo cikin tsarabarsa: Seiko 5, Orient, ko Rado ga mai hali. Motsin hannu ne abincinsu. Wani ɗan faifai ke juyawa a ciki yana wana sifirin, idan ya cika ya kai wajen awa 40 ko an ajiye shi. Seiko 5 ya fito tun 1963, har yau akwai dattawan da nasu ke bugawa.

Abu biyu suka karya kasuwar irin wannan agogo mai inji. A 1969 kamfanin Seiko ɗin da kansa ya fitar da Astron mai batir, daga baya masu araha suka cika duniya, har masana'antar agogo ta Suwizalan ta rasa fiye da rabin ma'aikatanta. Sannan wayar salula ta fara yaɗuwa a Najeriya daga 2001, lokaci ya koma aljihu. Agogo ya tashi daga kayan aiki ya zama ado, abokin shadda da hula ranar Juma'a ko ɗaurin aure.

Abin mamaki, adon ne ke sake jawo ido kan mai inji. Wanda ya gaji da ganin irin agogonsa a hannun kowa yana neman na daban, amma aljihu ba ya bari. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 ta haura 1,500 a 2024, sabo ya yi nisa. Sai a koma na hannu, nan kuma jabu ke da gida. Akwai “Seiko” da ake harhaɗawa a Indiya daga gawarwakin tsofaffi, a yi wa fuskar sabon fenti mai ɗaukar ido. Kyan ɗan maciji ke nan. A buɗe bayansa a duba inji: 7S26 na tsohon Seiko 5, ko NH35 da Miyota 8215 da ƙananan kamfanoni ke sakawa, duk sanannu ne, kayan gyaransu na samuwa.

A ganina babbar asarar ba ta agogo ba ce, ta masu gyara ce. Agogon batir in ya mutu yarwa ake yi, don haka mai teburin gilashi a bakin kasuwa ya koma canza batir da madauri, yaronsa kuma ya tafi koyon gyaran waya. Ga shi mai inji yana son wanki da mai duk bayan 'yan shekaru, balle a ƙasar nan. Ƙurar hunturu na bi ta bakin mawani, zafin bazara na busar da mai, manomin shinkafa a fadamar Rima da masuncin Matan Fada kuwa ruwa ne abokin aikinsu. Robar da ke hana ruwa shiga in ta tsufa, rubutun da ke bayan agogo na cewa ruwa ba ya shiga ba ya hana tsatsa.

Ga kuma latti ko gudun daƙiƙa 20 a rana, wanda ba ciwo ba ne, halinsa ne. Mai saye da bai san haka ba sai ya ce an cuce shi. In kuwa ciwon gaske ne, har ta kai a aika shi Sakkwato ko Kano, kuɗin mota da na gyara na iya kamo kuɗin da aka saye shi.