Hatsi, dawa da wake a zane guda: yadda ake jera farashi a kwamfuta

Duk mai sayar da hatsi a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya san farashi yana sauka da kaka, watan 10 da na 11, sannan ya hau daga bazara zuwa tsakiyar damana. Amma wanne ke riga tashi, hatsi ko wake? Wadda ta ajiye buhu 20 tana jiran lokacin sayarwa, amsar nan kuɗi ce a wurinta. Waɗanda suka ga tsadar 2005 ba su manta ba.

Littafin lissafi yana riƙe lambobi, amma ba ya nuna tafiyarsu. Manhajar Excel, ko LibreOffice Calc wadda kyauta ce, tana mai da su zane. Hajiya, ko ba ki taɓa kwamfuta ba, ɗanki ɗan lakwal zai iya. A layin farko, a kwance, a rubuta watanni 12. Layi na biyu farashin hatsi, na uku dawa, na huɗu wake, kowanne da sunansa a gidan farko. A zaɓe su duka, a nemi zane mai layi. Kowane kaya zai fito da zarensa da launinsa.

Wani lokaci zanen yakan fito a birkice, watanni su zama zare. Excel yakan yi haka idan kayan sun fi watannin yawa. Akwai maɓallin da ke musanya kwance da tsaye, dannawa ɗaya ta isa.

Babban kuskure kuwa a ma'auni yake. Buhun kilo 100 yana ɗaukar tiya kusan 40. In aka rubuta hatsi da kuɗin buhu, wake da kuɗin tiya, zaren wake zai kwanta a ƙasa kamar bai taɓa motsi ba, alhali ya ninka. Haka in an gama dala da jikka. A tsaya kan ma'auni ɗaya.

Watan da ba a je kasuwa ba, a bar gidansa wayam. Wanda ya sa sifiri ya gaya wa na'ura cewa an raba dawa kyauta a wannan wata.

Hukumar SIMA tana tattara farashin kasuwannin Nijar. Mai so yana iya ƙara nata a layi na biyar, ya ga ko dillalinsa yana gaya masa gaskiya.