Igiyar Shehu da Wuƙar Mahaucin Sin

A shekarar 1812, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo yana zaune a Sifawa, ya yi abin da masu nasara ba su cika yi ba. Alƙalawa ta faɗi tun 1808, Kano da Katsina da Zazzau sun shigo hannu, tutocin da ya bayar suna kaɗawa har Adamawa. Maimakon ya gyara zama, sai ya raba ɗawainiyar mulki gida biyu, yamma ga ƙanensa Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello, shi kuma ya koma ga abin da ya saba: karantarwa da rubutu. A 1815 ya ƙaura zuwa Sakkwato, a 1817 ya rasu, aka rufe shi a cikin gidansa. Gidan nan shi ne Hubbare, inda har gobe jama'a ke tuɓe takalma a bakin ƙofa, mata daga ƙauyuka da ƙullin sadakarsu a bakin zane, su shiga ziyarar Shehu da 'yarsa Nana Asma'u da sauran waɗanda ke kwance a wurin.

Abin da masu tarihi suka ruwaito game da zaman mai gidan ya fi ginin kansa ban mamaki. Sun ce rigarsa ɗaya, wandonsa ɗaya, rawaninsa ɗaya, kuma ba ya ci daga dukiyar da yaƙi ya kawo. Igiya yake tufkawa a sayar, ya ci daga guminsa. Mutumin da maganarsa ke ɗora sarki a birnin da bai taɓa taka ƙafarsa ba, shi ne wannan.

Mu kuwa da ba mu ci garin kowa da yaƙi ba, barci ya gagare mu. Mai albashi yana kwance yana lissafin ƙarshen wata tun ranar biyar ga wata. Uwar amarya tana ƙirga akwatunan lefen da aka kai gidan maƙwabta. Saurayi yana latsa waya har asuba, yana kallon motocin mutanen da bai san yadda suka samo su ba. Wani ɓangare na wannan damuwa tsadar rayuwa ce ta gaske, zan zo kanta. Amma wani ɓangaren ciwo ne tsoho, wanda har mutanen ƙasar Sin suka yi masa nazari fiye da shekara 2,000 da suka wuce.

Akwai wani ɗan littafi nasu mai suna Tao Te Cin, babi 81, kalmominsa ba su wuce kimanin 5,000 ba. Ana jingina shi ga wani dattijo, Lao Tsu, wanda aka ce ma'ajin takardu ne a fadar sarakunan Zhou, ya gaji da lalacewar zamani ya kama hanyar yamma, mai tsaron iyaka ya roƙe shi ya rubuta abin da ya sani kafin ya wuce. Masana suna jayayya kan ko mutum ɗaya ne ya rubuta shi, amma tsufansa ba abin musu ba ne: a 1993 an tono sassansa rubuce a kan tsagin gora cikin wani kabari a Guodian, na wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Lokaci ne na yaƙe-yaƙe tsakanin masarautun Sin, kowane sarki na neman haɗiye maƙwabcinsa. Daga cikin wannan hargitsi ne koyarwar Tao ta fito, kuma gundarinta ba shi da wuyar faɗi. Mutum ya san inda buƙatarsa ta tsaya. Ya daina yi wa al'amura dole. Ya ɗauki halin ruwa, wanda ke gangarawa inda kowa ke ƙyamar zama, ba ya jayayya da dutse, amma a ƙarshe shi ke cinye dutsen.

Kada wani malami ya ɗaga mini sanda. Ba aƙida nake tallatawa ba, kuma tsakanin Tao da Musulunci akwai tazara mai nisa: a wancan littafi babu wahayi, babu Manzo, babu ranar hisabi. Abin da ya ja hankalina shi ne mutane biyu, Shehu da marubucin Tao Te Cin, da ba su taɓa jin labarin juna ba sun duba zuciyar ɗan Adam, sun gano cuta iri ɗaya.

Wanda ya fi iya ba da labari a cikin mutanen Tao shi ne Cuwang Tsu, wanda ya rayu a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa. Ya kawo labarin wani mahauci da ke fiɗar sa a gaban basarake. Basaraken ya saki baki yana kallo, don wuƙar tana tafiya kamar ba nama take yanka ba. Mahaucin ya bayyana masa cewa ɗan koyo kan canza wuƙa duk wata saboda sara yake yi a kan ƙashi, gwani kan canza duk shekara saboda yanka yake yi, shi kuwa tasa ta shekara 19 kuma kaifinta na nan, domin yana bin ƙofofin da ke tsakanin gaɓoɓi ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a mahauta da sassafe ya san ba tatsuniya ce zalla ba. Tsohon mahauci yakan ɗora yatsa ya laluba gaɓa, ya karkata bakin wuƙa kaɗan, jijiya ta saki, cinya ta rabu da kwankwaso ba tare da an ji ƙarar ƙashi ba. Yaronsa a gefe yana ta kafta gatari, gumi na zuba, tsinin ƙashi na tsalle cikin nama. Abin lura a labarin shi ne wurin da mahaucin ya ce idan ya iso gaɓa mai sarƙaƙiya, sai ya rage sauri, ya tattara hankalinsa duka a wurin. Wannan shi ne zama cikin lokacin da ake ciki a wurin mutanen Tao. Aiki ake yi, ba kwanciya ba, amma hannu da zuciya suna wuri ɗaya.

Tufkar igiya ma haka take. Matufki yakan jiƙa rama ta yi laushi, ya raba ta sili biyu, ya murza a tafin hannu ko a kan cinya, kowane sili na juyawa gefe guda, su biyun su naɗe juna ta ɗaya gefen. Kafin sili ya ƙare ya saƙa wani. Idan hankali ya tafi kasuwar gobe, nan take igiyar za ta nuna: wani wuri ya yi kauri, wani ya sirance, kuma a sirantaccen wurin za ta tsinke ranar da guga ya cika. Ina ganin ba ƙaramar hikima ba ce malamin da dubban mutane ke jiran fatawarsa ya riƙe sana'ar da ba ta yarda da rabuwar hankali.

Malamanmu suna da sunan da suka ba kishiyar wannan hali: dogon buri. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, kuma malaman jihadi suka sha daga littattafansa, ya yi dogon bayani a kansa cikin Ihya'u Ulumiddin. Mai dogon buri yana zaune a yau amma zuciyarsa ta tare a baɗi. Yana salla yana gina bene. Yana cin tuwo da iyalinsa yana lissafin filin da bai saya ba. Wannan daban yake da tanadi. Manomin da ya ware iri ya adana a rumbu kafin damina bai yi laifi ba, ya yi aikin ranar ne. Wanda ya kasa barci saboda tunanin ko ruwan baɗi zai yi kyau, shi ya ɗauki kayan da ba nasa ba. A nan ma dalilan sun bambanta. Mutumin Tao yana zama cikin yau ne don ya ga haka halitta take tafiya, rani da damina ba sa rige-rige. Shehu da jama'arsa suna zama cikin yau ne don ba su da tabbacin ganin gobe, kuma sun san za a tambaye su abin da suka yi da yau ɗin. Waƙoƙin wa'azin da Nana Asma'u ta riƙa ba malamai mata da ake kira jaji su kai wa ɗalibansu 'yan taru a ƙauyuka cike suke da wannan tunatarwa.

Inda hanyoyin biyu suka rabu sosai shi ne batun gudun jama'a. An ce sarkin masarautar Chu ya aika wa Cuwang Tsu manzanni biyu yana kamun kifi a bakin kogi, ana so ya karɓi ragamar ƙasa. Ko waiwayowa bai yi ba. Ya tuna musu da wani kunkuru da ya daɗe da mutuwa, wanda aka naɗe ƙoƙonsa cikin kyalle aka ajiye a ɗakin tsafin fada ana girmamawa, ya tambaye su ko kunkurun zai fi son wannan girma ko ya kasance da rai yana jan wutsiya cikin taɓo. Suka ce taɓo. Ya ce su koma, shi ma taɓon ya zaɓa.

Mu ma an yi irin wannan yunƙuri a nan. A 1807, ana tsakiyar jihadi, Abdullahi Ɗanfodiyo ya duba rundunar ya ga abin da ya sosa masa rai. Mutanen da suka fito don addini sun fara gasar dawaki da riguna da ƙwaraƙwarai da muƙamai. Shi da kansa ya ba da labarin a Tazyinul Waraƙati. Ya bar rundunar ya nufi gabas da niyyar aikin hajji. Da ya iso Kano, jama'ar garin suka riƙe shi, suka roƙe shi ya koya musu yadda ake tafiyar da shari'a. Ya zauna ya rubuta musu Diya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga bisani ya juya ya koma wurin yayansa, ya ɗauki nauyin da ya gudu ya bari har ya rasu a 1829. A ganina zaɓin Abdullahi ya fi na mai kamun kifi wuya, kuma ya fi dacewa da mu. Yawancinmu ba mu da bakin kogin da za mu gudu. Akwai kuɗin makaranta, akwai tsohuwa a gida, akwai shago. Abin da ya rage mana shi ne mu zauna cikin hidimar, mu rage abin da muke cewa dole sai mun samu.

Sai batun tsadar rayuwa da na ce zan dawo kansa. Akwai rashin kunya a ce wanda ya ƙoshi ya hau mumbari yana koya wa mai yunwa gudun duniya. Almajirin da ke riƙe da roba a ƙofar Hubbare ba shi da abin da zai rage. Zuhudu na wanda ya samu ne ya ƙi ɗauka, kuma akwai tsofaffin littattafai biyu da ba su ɓoye wanda suke nufi ba. Tao Te Cin ya ɗora yunwar talakawa a kan yawan harajin da na sama ke ci. Kitabul Farƙi na Shehu ya lissafa halayen sarakunan da ya yaƙa ɗaya bayan ɗaya: jangali, da gaisuwar da ake kai wa mai mulki kafin a ji kukan mutum, da ƙawata fada, da tara mata, da sa tufafin alfarma ko ta wace hanya aka samo su. Cikin waɗanda ke zuwa ziyara Hubbare da jerin motoci da jiniya, da yawa suna riƙe da irin kujerun da aka rubuta wannan littafi a kansu.