Kayan Kwalliya da Lafiyar Mai Juna Biyu

1.0 Gabatarwa

Kwalliya daɗaɗɗiyar al'ada ce ta matan Hausawa, kuma samun juna biyu ba ya hana mace ado. Sai dai wani ɓangare na abin da ake shafawa yakan shiga jini, ya ratsa mabiyiya, ya isa ga ɗan tayi. Saboda haka, tsufan al'ada ko tsadar kaya ba su ne ma'aunin aminci ba. Ma'aunin shi ne abin da kayan suka ƙunsa.

1.1 Kwalli

Kwallin gargajiya akan niƙa shi ne daga dutse mai ƙyalli wanda galibinsa dalma ce. Ƙurarsa takan bi hanyar hawaye zuwa maƙogwaro, ko daga yatsa zuwa baki. Dalma takan taru a ƙashi, sannan ta koma jini a lokacin goyon ciki. Tana iya haddasa ɓari, ko haihuwar bakwaini, ko tauye ƙwaƙwalwar jariri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta da aka san ba ya cutarwa.

1.2 Lalle

Ganyen lalle zalla, mai ba da jan launi, ba a san shi da cutar da mai ciki ba. Matsalar tana ga baƙin lalle, wanda akan haɗa da sinadarin rinin gashi mai suna PPD, mai jawo ƙaiƙayi da kumburi, wani lokaci har da gyambo.

1.3 Man Bilicin

Da yawa daga cikin waɗannan mayuka suna ɗauke da zaiba, ko haidurokwinon, ko sitiroyid. Zaiba tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kuma fita a ruwan nono. Wannan ne ya sa Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sanya kayan kwalliya masu zaiba cikin abubuwan da za a daina sarrafawa.

1.4 Kammalawa

Ya wajaba mai juna biyu ta duba lambar hukumar NAFDAC da jerin sinadarai, ta guji haɗin kwalba marar suna, ta kuma nuna kayan shafarta ga ma'aikaciyar lafiya ranar awo. Malami kuwa shi ke da damar isar da wannan sani ga 'yan matan ajinsa, waɗanda su ne iyayen gobe.

1.5 Auna Fahimta

1. Bambanta jan lalle da baƙin lalle.
2. Bayyana yadda dalma take isa ga ɗan tayi.