SANA'AR MAI ƊAUKAR HOTO

Ya kai mai karatu, in kana zaune a Bilbis, ko Tsafe, ko Bunguɗu, ko Gusau, ka sha ganin saurayi ya ratso taron biki da kyamara a kafaɗa. Watakila ka ce a ranka, wannan ai ba aiki ba ne, danna maɓalli ne kurum. To, saurara ka ji asalin sana'ar, da wahalarta, da amanar da ke cikinta.

Tushen hoto haske ne. Wani malami, Ibn al-Haisam, wanda ya zauna a Masar ya rasu wajen shekara ta 1040, ya bayyana cewa in haske ya shiga ɗaki mai duhu ta wata 'yar ƙaramar kafa, sai siffar abin da ke waje ta fito jikin bango, amma kai a ƙasa. Kyamara ita ce wannan ɗaki, an ƙanƙanta shi. A 1839 aka bayyana dabarar wani mutumin Faransa, Daguerre, ta kama siffar nan ta zauna ba ta gushe ba. A 1895 kuma 'yan'uwa biyu, su Lumiere, suka nuna hoto mai motsi a birnin Faris.

Kada ka zaci hoton ne ya ke motsi da kansa. Hotuna ne masu yawa a ke jerawa, su wuce da sauri har ido ya kasa rabe su. Bidiyo irin na talabijin ɗin ƙasarmu hoto 25 ne cikin kowace daƙiƙa, watau 1,500 cikin minti guda, 90,000 cikin sa'a guda.

A ƙasar Hausa mutane da yawa sun fara ganin hoto mai motsi ne wajen majigi, motar gwamnati da ta kan zaga garuruwa, a kafa farin ƙyalle a dandali, a nuna sha'anin noma da tsabta. An buɗe gidan silima na Rex a Kano a 1937. A 1976 Adamu Halilu ya mai da littafin Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa fim. Da kyamarar bidiyo ta yi araha, sai ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a 1990. Daga nan sana'a ta buɗe, har a 2001 Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai. Da kaset aka fara, aka koma faifai, yau kuwa galibi a waya a ke kallo.

Yanzu duba yadda aikin ya ke tafiya. Fim ba aikin mutum ɗaya ba ne. Akwai mai rubuta labari, da mai ba da umurni, da mai riƙe kyamara, da mai haska fitila, da mai ɗaukar murya, da mai tacewa. Amma mai ɗaukar biki ko suna ko saukar karatu, sau da yawa shi kaɗai ke ɗauke da duk wannan, ko da yaro guda.

Tun daren jiya zai cika batura, gama wuta ba ta da tabbas. Ranar taro zai riga kowa zuwa ya duba inda rana ta ke, don in ta kasance bayan mutane, fuskokinsu sai su fito baƙi. Hasken safe da na la'asar sun fi na tsakar rana taushi. Lokacin hunturu ƙura ita ce abokiyar gābarsa, da damina kuwa ruwa. Murya ma sai ya kula, don mutane su kan jure hoto mai dishi-dishi, amma ba su jure magana da ba ta fita. Ga shi kuma ba a ɗaura aure sau biyu domin mai hoto ya makara.

In taro ya watse, aikinsa bai ƙare ba. Zai zauna gaban kwamfuta ya zaɓi mai kyau, ya yanke marar amfani, ya jera, ya daidaita murya. Tacewa ta kan ci lokaci fiye da ɗauka. Mai hankali ba ya share memori sai ya ajiye aikin wuri biyu dabam, gama abin da ya ɓace ba ya komowa.

Game da kuɗi, in za ka shiga sana'ar, kada ka lissafta ladan yini kaɗai. Sa kuɗin mota, da man janareta, da hakkin yaronka, da kwanakin tacewa, da ɗan abin da za ka tara saboda ranar da kyamara za ta lalace. Ku yanke magana gaban shaida, ka karɓi kafin alƙalami, ka faɗi ranar da za ka kawo aiki, ka kuwa cika.

Saura babban abu, watau amana. Mai hoto ya kan ga abin da baƙo ba ya gani. In an ba ka izinin shiga cikin gida, kada ka ɗauki matan mutane sai da yardarsu da ta masu gida. Hoton da aka biya ka ka ɗauka, kada ka sa shi a Facebook don tallar aikinka sai ka tambaya. Magana zarar bunu ce, hoto kuwa ya fi ta, don in ya shiga waya ɗaya, kafin magariba ya kai Sakkwato. Aure ya kan mutu ta wannan hanya, mutunci ya zube, mai hoton kuma ya rasa masu kiransa.

Yau kusan kowa na da kyamara a wayarsa. Abin da zai sa a bar waya a neme ka, shi ne ka san haske, ka cika alkawari, ka rufa asirin mutane. In kana so ka koya, nemi gwani ka riƙe masa jaka tukuna, ka sa ido ka ga yadda ya ke yi. Allah ya ba mu sana'a mai albarka, amin.