Aikin Kwaɗi Cikin Wasan Zelda

Hutun da ya wuce na je gida damina ta yi tsaka. Ran nan da dare an ɗauke ruwa, kwaɗi sun cika kududdufin bayan gidanmu da kuka, sai na tarar da ƙanena ya duƙufa bisa 'yar na'urarsa ta wasan bidiyo. Na leƙa, na ga yaron da ke cikin wasan yana sanɗa a bakin wani tafki, yana kama kwaɗi yana zubawa a jaka. Da na gane wasan Zelda ne, irin wanda na yi ina ƙarami, sai na ce, "Kai, wace waƙa suka koya maka?" Ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Haba Yaya, kwaɗo ne zai koya mini waƙa? Ai dafa su a ke yi." Wannan amsa tasa ita ta sa na ɗauki alƙalami, don in bayyana wa masu karatu ayyukan da aka yi ta ba kwaɗo cikin wannan wasa, da yadda suka sāke.

Da fari ya kamata in faɗi ko mene ne Zelda, saboda waɗanda ba su taɓa gani ba. Wani kamfani ne na ƙasar Japan, sunansa Nintendo, mazauninsa birnin Kyoto, ya fito da wasan farko cikin shekarar 1986, mai suna The Legend of Zelda. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka su ne manyan waɗanda suka tsara shi. Mai wasa shi ke sarrafa wani yaro, Link, wanda ke ratsa dazuzzuka da koguna da tsofaffin gine-gine masu tarkuna, yawanci don ya ceci wata gimbiya mai suna Zelda. Tun daga lokacin a kan fito da sabon wasa bayan 'yan shekaru, labari ya sāke, ƙasa ta sāke, amma kwaɗo ya yi ta komowa.

Ba abin mamaki ba ne mutanen Japan su riƙe kwaɗo haka. Manoman shinkafa ne, in ruwa ya sauka wajen watan Yuni fadamunsu kan cika da kukansa. A bakinsu sunan kwaɗo kaeru, kalmar nan kuwa lafazinta ɗaya da kalmar da ke nufin komowa gida, shi ya sa waɗansu matafiyansu kan riƙe ɗan siffar kwaɗo don fatan komowa lafiya. Wani ɗakin ibada da ke Kyoto, Kozan-ji, ya mallaki waɗansu naɗaɗɗun takardu na zane tun ƙarni na 12 da na 13, inda aka zana kwaɗi suna kokawa da zomaye kamar mutane. Kun ga ke nan masu tsara wasan sun tashi sun tarar da kwaɗo cikin al'adarsu.

Aikinsa na farko da ya shahara shi ne malanta. Cikin Link's Awakening na 1993 akwai wani ƙaton kwaɗo, Mamu, yana zaune a ƙarƙashin ƙasa, ba a kaiwa gare shi sai an bi waɗansu allunan nuna hanya ɗaya bayan ɗaya ba kuskure. In ka isa sai ka biya shi rupi 300, watau kuɗin cikin wasan, sa'an nan shi da 'yan amshinsa su rera maka waƙa ka koya. A labarin, waƙar nan tana tada abin da ya mutu. Da ita Link ke tada wani zakara mai tashi sama wanda ƙasusuwansa ke kwance a ƙarƙashin ƙauye, zakaran kuma ya ƙetarar da shi ramukan da ba su tsallakuwa. Abin dariya, Mamu baƙo ne a Zelda. Shi ne mugun sarkin da a ke yaƙa a ƙarshen Super Mario Bros. 2, inda Turawa suka san shi da suna Wart, a kan ci shi ta jefa masa kayan lambu a baki. Ya bar sarauta can, ya zo nan ya buɗe makaranta.

Cikin Ocarina of Time na 1998 kwaɗi biyar ne a kogin Zora. In Link ya tsaya bisa wani gungume ya fito da sarewarsa sai su fito su jeru. Akwai waƙoƙi biyar da in ya busa kowace, kwaɗo ɗaya ya kumbura ya girma, a ba shi tukuicin rupi 50. In ya busa waƙar kiran hadari kuwa, murnarsu ta fi ta kullum, sai su ba shi gutsuren zuciya. Gutsure huɗu ke haɗa zuciya guda, ita ce ke ƙara wa Link ƙarfin jure sara. Duk wanda ya taɓa jin yadda kwaɗi ke ɓarkewa da kuka in hadari ya haɗu, ya san inda aka samo wannan.

Har wa yau cikin wasan nan ne kwaɗo ya fara shiga harkar magani. Wani ƙaton maƙeri idonsa ya yi ciwo, ba ya iya ƙira. Sarkin Zora ya kan ba Link wani kwaɗo mai manyan idanu, a ce ya kai wa wani tsoho masani a bakin tafkin Hylia cikin minti 3, in ya wuce haka kwaɗon ya lalace. Tsohon ya haɗa maganin ɗigawa a ido da shi, Link ya kai wa maƙerin, ladansa babban takobi. Na sha zufa a wannan gudu ba sau ɗaya ba.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne Majora's Mask na shekarar 2000. A nan wata ne zai faɗo wa duniya cikin kwana 3. Akwai ƙungiyar kwaɗi biyar mawaƙa da suka watse: ɗaya na wurin wanki a cikin gari, ɗaya na fadama, ɗaya na ƙauyen kan dutse, biyu kuwa an juyar da su sun zama dodanni a cikin manyan gine-gine biyu, sai an yaƙe su su komo kamanninsu. Link ya kan ɗaura wata fuska ta shugaban mawaƙansu, Don Gero, ya bi su ɗaya ɗaya ya kira su gida. Duk da haka ba su taruwa sai an kori mugun sanyin da ya daskarar da ƙauyen, ƙanƙara ta narke. Sa'an nan ne su jeru cikin ruwa su rera. Watau waƙar kwaɗi ita ce shaidar ƙasa ta warke. Ku tuna da kalmar nan kaeru, komowa gida.

Daga malanta da waƙa sai sarauta. Cikin The Wind Waker, wanda ya fito a Japan a 2002, duniya teku ce, tafiya sai da jirgin ruwa mai filafilai, saboda haka mai iko da iska shi ne babba. Masu wannan iko a labarin wa da ƙane ne masu siffar kwaɗi, Zephos da Cyclos, kowa bisa gajimarensa. Zephos mai fara'a ne, ya kan bayyana sa'ad da Link ya koyi waƙar juya iska. Cyclos kuwa ya yi fushi don an fasa dutsen tunawa da shi, yana ta wurgi da jirage cikin guguwa. Sai ka harbe shi da kibiya sau 3 kāna ya sauko, ya yaba bajintarka, ya koya maka waƙar da guguwa za ta ɗauke ka ta sauke ka wani gefen teku. Ba kullum kwaɗo ke zama aboki ba kuma. Cikin Twilight Princess na 2006 wani jibgegen kwaɗo ne ke faɗowa daga rufin ɗaki, yana zubo 'ya'yansa masu wutsiya su taso maka, ba ka samun sa'arsa sai ya faɗi ya zaro harshe.

To, sai muka zo Breath of the Wild na 2017, shi ne wanda na tarar a hannun ƙanena. A nan kiɗa ya canja, rawa ma ta canja. An buɗe ƙasar sarai, mai wasa ya tafi inda ya ga dama, ya tsinci abin da ya samu ya dafa. Kwaɗo ya zama kayan haɗi. Akwai mai saurin tsalle, in ka dafa shi da wani sashe na jikin dodo ka sami tsimin ƙara gudu. Akwai wanda ba ya fitowa sai ana ruwa, shi kuma tsiminsa na ƙara juriya ne. Har akwai inda gimbiya Zelda da kanta ta cafke kwaɗo da hannu biyu, ta miƙa wa Link wai ya ɗanɗana don ta ga aikinsa a jikin mutum. Cikin Tears of the Kingdom na 2023 aka ƙaro mai danƙo, wanda tsiminsa ke hana santsi in ana hawan jiƙaƙƙen dutse, da wani mai haske da ke maƙale a rufin koguna, da wani ƙaton dodo mai ido ɗaya, Frox, a can ƙarƙashin ƙasa.

In muka jera waɗannan ayyuka za mu ga masu tsara wasan ba su ƙaga su daga iska ba. Kwaɗo na gaske mawaƙi ne: namiji ke kumbura jakar maƙogwaronsa ya yi kuka don kiran mace, galibi lokacin ruwa. Mai sāke kama ne: ƙwai a ruwa, sa'an nan ɗa mai wutsiya da ke numfashi kamar kifi, kāna ƙafafu su fito wutsiya ta shanye. Yana shaƙar iska ta fatarsa, don haka tilas ta zauna da laima, shi ya ɗaure shi da ruwan sama. Kwaɗin bishiya kuma suna da faifai a kan yatsunsu da ke kama jiƙaƙƙen ganye. Kowane aiki da aka ba shi a wasan, akwai halinsa na gaske a ƙarƙashi.

Amma akwai abin da ya ragu, shi ne abin da ƙanena ya faɗa bai sani ba. A wasannin dā kwaɗo mai magana ne, sai ka nemo shi, ka saurare shi, ka biya shi ko ka yi masa hidima kāna ka amfana. A na baya-bayan nan kwaɗin tafki ba su cewa kome, kamawa kawai a ke yi, in ka kwashe su ka komo bayan an jima ka tarar da waɗansu. Ban ce sababbin wasannin ba su da daɗi ba, ni ma na raba dare a kansu. Sai dai duniya ba haka ta ke ba. Wani babban bincike da aka buga a 2023 ya nuna kimanin kashi 41 cikin 100 na ire-iren dangin kwaɗo, watau masu zaman ruwa da tudu, suna cikin haɗarin ƙarewa, saboda cike fadamu da sare dazuzzuka, da sauyin yanayi, da wata cutar fata da ke kashe su. Fadamar da aka cike aka yi gini, kwaɗinta ba su komowa bayan an jima.

Daren nan na sa ƙanena ya ajiye na'urar, muka fita bakin kududdufi da tocila. Na ce ya rufe ido ya ƙidaya muryoyi iri nawa ya ke ji. Ya ƙidaya uku, ni na ji huɗu, muka yi ta gardama har aka kira mu cin tuwo. Da za mu shiga ya ce, "Yaya, wannan wasan na kwaɗi biyar, kana da shi har yanzu?" Na ce in Allah ya kai mu hutu mai zuwa zan zo masa da shi.