Me ya sa ake haɗa takin gargajiya da na zamani a gonar masara?

Masara na daga cikin amfanin gonar da suka fi cin taki, kuma abin da ta fi buƙata shi ne sinadarin naitrojin. Idan ta rasa shi, sai ganyenta na ƙasa su fara yin rawaya, karan ya tsumbure, goyon kuma ya fito ƙanana.

Shawarar da masana aikin gona suka daɗe suna bai wa manoman yankunan masara na arewacin Najeriya, kamar Kaduna da kudancin Katsina, ita ce su zuba kimanin kilo 120 na naitrojin a kowace hekta.

Buhun yuriya mai kilo 50 yana ɗauke da kilo 23 na naitrojin, shi kuwa buhun NPK 15-15-15 kilo bakwai da rabi ke cikinsa. Ke nan sai manomi ya tanadi buhuna da dama, abin da ya ƙara wuya bayan tashin farashin taki a shekarar 2022, lokacin da yaƙi ya ɓarke tsakanin Rasha da Yukren.

Kowanne da rauninsa

Takin zamani yana aiki da sauri, amma ba ya daɗewa. Ƙasar yankin mai yashi ce, ba ta riƙe abinci sosai, don haka ruwan sama mai ƙarfi kan wanke wani kaso ya gangara inda saiwa ba ta kaiwa. Yuriyar da aka watsa a kan ƙasa ba a binne ba, wani ɓangarenta iska yake bi.

Haka kuma, dogaro da shi kaɗai shekara da shekaru yana sa ƙasa ta yi tsami. Wani gwaji da aka fara a Samarun Zariya tun 1950 ya nuna hakan, ya kuma nuna cewa filayen da ake zuba wa kashin shanu sun fi riƙe ƙarfinsu.

Shi ma takin gargajiya yana da nasa rauni. Naitrojin ɗin da ke cikin busasshen kashin shanu bai cika wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari ba, kuma a hankali yake sakinsa. Wanda zai dogara da shi kaɗai sai ya kai tan da yawa kowace hekta, abin da ya fi ƙarfin mafi yawan ƙananan manoma.

Amfanin haɗawa

Idan aka haɗa su, takin gargajiya yana gyara jikin ƙasa, ya sa ta riƙe laima da abinci, ya kuma samar da wasu sinadaran da babu su a yuriya. Takin zamani kuma yana bai wa masara ƙarfi a daidai lokacin da take girma da sauri. Ta haka kowane buhun da manomi ya saya yakan fi yi masa amfani.

Gona mai ƙarfi kuma tana rage ɓarnar wuta-wuta, wadda ta fi addabar gonakin da suka gaji.

Yadda ake yi

Ana baza takin gargajiya kafin huɗa, domin ya gauraya da ƙasa. Ana zuba NPK lokacin shuka ko cikin makonni biyu bayan tsiro, sannan a bi da yuriya a mako na huɗu zuwa na shida, a binne ta ɗan nesa da gindin shuka yayin da ƙasa ke da laima.

Masana na gargaɗin cewa dole takin ya ruɓe sosai. Wanda ke cike da ɗanyen kara ko ciyawa yakan janye naitrojin daga ƙasa na ɗan lokaci, masara ta yi rawaya. Ɗanyen kashin kaji kuwa yana iya ƙona tsiro.

Takin da aka bari a fili rana da ruwa suna dukansa yakan rasa ƙarfinsa tun kafin ya isa gona. Saboda haka ake son a tara shi a rami ko a inuwa, a rufe shi har zuwa faɗuwar damina.